Gobarar Jirgin Angelina

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku yi haƙuri, ni ma ina da tukunya a kan wuta. Ke kuma Zinatu ta Sparkhill da kika rantse da Allah Iddi barci ya yi, matso kusa, shafin nan naki ne.

*

Murja na ninke kayan makarantar 'yarta Raki a falo aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta yi mamaki, don tun da aka share makoki masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sai dai waya. Ta gyara hijabin takabarta ta leƙa ta taga.

Fulera ce, matar Iddi.

Mijin Murja, Injiniya Rabe, yana cikin mutum bakwai da suka rasu a gobarar Angelina, jirgin ruwan da ke ɗaukar masu nutso ya kai su gaɓar Scotland su shiga ƙarƙashin teku kallon tsofaffin jiragen da suka nitse. Ba aikin da ya yi wa karatu ke nan ba. Yanke-yanken kasafin kuɗin nan na gwamnati ne ya ci sashensu a council, wato ƙaramar hukuma, ya yi zaman gida har ya fara faɗa da kujeru, sannan ya karɓi aikin kula da injin jirgin. Da aka rufe cibiyar matasa ta Sparkbrook inda Iddi ke dafa abinci, Rabe ne ya jawo shi, ya zama kuku kuma mai gadin dare. Rabe ya mutu, Iddi ya fita da ƙonannun hannaye. Daga nan mutane suka samu abin yi.

Mutanenmu kuwa, Allah Ya shirye mu. Wanda ko kwalekwale bai taɓa hawa ba ya zama masanin gobarar teku. Wasu suka ce Iddi barci ya yi. Wasu suka ce mai ya bari a wuta. Wata a Leeds ta ce aljanun ruwa ne, an dame su da nutso. Turawa a ƙasan labarin jarida suka ce Musulmi biyu a cikin ma'aikata, ai ya kamata a duba. Amma duk inda aka je aka dawo tambaya ɗaya ce ta tsaya wa kowa a wuya: me ya sa ƙararrawar hayaƙi ba ta yi kuka ba, har wuta ta ci hanyar fita mutane na kwance?

Dokta Ashafa, wan Rabe, ya riga ya ba da tasa amsar a saƙon murya, ya ce kuku ne ya kashe ta don kada ta dame shi in yana suya. Saƙon ya zaga Birmingham da Manchester har ya dawo wayar Murja. Shi ne kuma ya ce kada a buɗe wa kowa daga gidan Iddi ƙofa.

Murja ta tsaya da hannu a kan mariƙin ƙofar. Ana yayyafi, matar nan ko lema ba ta da ita. Ta buɗe.

Fulera ta durƙusa tun daga bakin ƙofa ta yi mata gaisuwa, da Hausarta ta zangon Kumasi, ta miƙo roba cike da wake da shinkafa irin nasu na Gana. Ta ce tun safe ta hau coach, babbar motar haya, daga Birmingham zuwa nan Manchester, ba ta gaya wa Iddi ba. Ta rame ƙwarai, ɗankwalin ma kamar ya yi mata yawa. Murja ta kawo mata shayi, suka zauna kowa na kallon kafet.

Ba wani abu ta zo nema ba, in ji Fulera, illa Hajiya ta roƙi Dokta ya janye saƙon nan. Yara sun daina zuwa Islamiyya saboda ana kiran ubansu mai kisan kai. Mahaucin da take sayen nama wurinsa a Stratford Road ya fara kauda kai in ta shiga. Iddi kuwa yana gida a kan bail, ba ya ci, ba ya magana, ko 'yan sanda ba ya ba su amsa.

"Jiya kuma sun zo sun yi searching flat ɗinmu," ta ce. "Hajiya, har banɗaki. Kin san me suka ɗauka? Hulunan wankana."

Murja ta ɗago.

"Hulunan wanka?"

"Wai sun ciro alarm ɗin daga ruwa. Na lungun ɗakunan kwana. Ba a kashe shi ba, batirinsa na ciki. Leda ce ta narke a kansa, da roba a zagaye. Sun gwada, sun ce hular wanka ce ta mata aka rufe shi da ita. Suka nuna wa Iddi hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce no comment."

Murja ta dubi kofin da ke hannunta. Ta ajiye shi a ƙasa.

Ku da kuke tare da mu tun farko kun san sana'ar Murja. Duk matar da ke son gidanta ya yi ƙamshin gida, daga unguwarsu Longsight a Manchester har Sparkhill a Birmingham, wurinta take sayen turaren wuta. Kuma duk wadda ta taɓa kunna gawayi a gidan Turawa ta san halin ƙararrawar nan ta silin: hayaƙi kaɗan ta fara ihu, maƙwabta su fito. Maganinta sananne ne, a sa mata hular wanka, in an gama a cire. Murja da bakinta ta koya wa mata da yawa.

Ranar da Rabe zai koma jirgi karo na ƙarshe, ya yi ta mitar ɗakinsa na jirgi, wai warin dizal da jiƙaƙƙun rigunan nutso har cikin abinci yake jin sa. Ita ce ta naɗe masa ɗan kasko a tawul, da gawayi, da kwalbar turare. Ta ɗauko hula ɗaya cikin sababbin da ta saya ta tura a gefen jaka, tana dariya, ta ce in ba haka ba ƙararrawa za ta tara masa jama'a. Ya harare ta, don kullum faɗan da yake mata ke nan a gida, shi ne ma mai miƙa hannu ya cire in ta manta. Amma bai fitar da ita daga jakar ba. Daren Juma'ar da abin ya faru, bayan Magariba, ya kira ta a waya yana jin daɗi.

"Maman Raki, yau ɗakin nan kamar Longsight."

Tun daga ranar take ɗauke da tsoron gawayin nan ita kaɗai. Da masu bincike suka ce wutar daga saman jirgi ta tashi, inda ake cajin baturan kyamara, ba daga ɗakunan kwana ba, sai da ta yi sujada tana kuka. Ta ɗauka an sauke mata. Hular kuwa ko sau ɗaya ba ta faɗo mata a rai ba, sai yanzu.

Fulera ta tambaye ta ko lafiya. Murja ta ce kanta ne ke juyawa. Ƙarya ta farko ke nan da ta yi a cikin takabarta, kuma ta ji ɗacinta.

Azahar ta yi, Fulera ta nemi wurin alwala. Murja ta nuna mata sama. Ta ji takunta a kan bene, sannan ta ji takun ya tsaya.

"Hajiya."

Murja ta fito ta tsaya a ƙasan bene. Fulera na tsaye a sama ta ɗaga kai. A silin, ƙararrawar gidan na sanye da hula mai furanni ruwan hoda. Tana nan tun Alhamis ɗin ƙarshe da aka kunna turare a gidan. Mai takaba ba ta turare, mai cirewar kuma bai dawo ba.

Ba don fuskar Murja ba, da abin ya wuce. Gida nawa ne ba a yin haka? Fulera kanta tana yi. Amma ta sauko da idonta ta dubi Murja, ta ga yadda ta dafe bango, sai ta gane. Ta sauko a hankali ta zauna a kan matakala.

"Injiniya ne?"

Murja ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, don girman Allah. Injiniya ne?"

"Ni na saka masa a jaka," Murja ta ce. "Da hannuna."

Ta zata Fulera za ta yi ihu, ko ta shaƙe ta. Da ta yi hakan ma da ya fi mata sauƙi. Sai kawai matar ta rufe fuska da ɗankwali ta yi ta kuka marar sauti, kafaɗunta na girgiza. Can ta ce ashe shi ya sa. Ashe shi ya sa duk sanda ta ambaci sunan Injiniya sai Iddi ya tashi ya bar mata ɗakin.

Murja ta jawo kujera ta hau, ta cire hular. Tana saukowa ta ji mukulli a ƙofa.

Dokta Ashafa ne. Murja ta manta sam yau ne Monica za ta zo, 'yar sandar da aka haɗa su da ita don ta riƙa kawo wa iyali bayanin bincike. Duk zuwanta sai Dokta ya taso daga Birmingham ya zauna a tsakani, wai Turancin Murja na kasuwa ne da na wajen GP, likitan unguwa, kada ta faɗi abin da ba shi take nufi ba.

Ya ga Fulera a kan bene ya haɗe rai. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga abin da ke hannun Murja. An riga an gaya masa zancen ledar a waya. Ya dubi hular, ya dubi kujera, ya ɗaga kai sama. Likita ne, ba ya bukatar dogon bayani. Jakarsa ta sulale daga kafaɗarsa ta faɗi.

Murja ta gaya masa komai, tana tsaye, ba ta rage ba.

Ni dai na san da yawanku kun tsani Dokta, kuma ban hana ku ba. Amma ku tuna shi ya je ya gane gawar ƙanensa, shi kaɗai, kuma har yau bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Ya zauna a hannun kujera.

Ya ce ta tuna jaridu sun buga hoton Rabe sun kira shi jarumi, mutumin da ya koma cikin hayaƙi don ya tashi masu barci. Ta tuna makarantar su Raki sun tara ɗalibai sun yi shiru don girmama shi. Ta tuna Inna, mahaifiyarsu, a Zariya, wadda ba abin da ke riƙe da ita sai cewa ɗanta ya yi shahada. In wannan magana ta fita, ba za a ce mantuwa ba ce. Za a ce injiniya Musulmi ya rufe ƙararrawa ya kunna wuta a jirgi, kuma ta san irin mutanen da ke jiran jin haka, ta san abin da za su yi wa tagogin masallaci.

"Murja, shi ke nan abin da ya bar wa yarinyar nan. Sunansa. Kina so ki karɓe?"

"To Iddi fa, Yaya?"

Ya kauda kai daga wajen Fulera.

"Zan nema masa barrister mai kyau. Ni zan tsaya. Ba su da proof, in ma an kama shi da laifi ba zai daɗe ba."

Fulera ta share fuska ta miƙe. Ta ciro waya ta kira mijinta, ta buɗe murya kowa ya ji. Ta gaya masa inda take, da abin da ta gani a silin.

"Ba ni Hajiya," Iddi ya ce.

Muryarsa a dishe take, hayaƙin bai gama sakin maƙogwaronsa ba. Ya yi mata gaisuwa tukuna, cikakkiya, har da tambayar Raki. Sannan ya ce yana wurin lokacin da Injiniya ya sa hular. Ya ma kira shi ya shigo ya sha ƙamshi, suka zauna suna hirar gida. Da zai fita Injiniya ya ce masa, Iddi, in ka zo zagaye ka tuna min in cire. Ya ce to. Aka kira shi kicin, Injiniya kuma aka kira shi wurin inji, shi ke nan. Ya wuce ta ƙarƙashinta a zagayensa bai ɗaga kai ba.

Ya ce da wutar ta tashi ya sauka zai tashi mutane, hayaƙi ya kayar da shi. Injiniya ne ya jawo shi ta wuyan riga har sama, ya tura shi ruwa, ya juya ya koma.

"Hajiya, wanda ya mutu ba shi da bakin da zai ce mantuwa ce. Ni ina da shi. Na gaya wa solicitor, lauyana, gobe zan ce ni na rufe, saboda suya. Kowa ma abin da yake so ya ji ke nan."

"Iddi, 'ya'yanka fa?" in ji Fulera.

"Ba don shi ba, da yanzu ke ce a cikin takaba."

Ya roƙi Murja da Allah da Annabi ta bar maganar a inda take. Ya kashe wayar.

Murja ta ji son mijinta ya taso mata sabo, ta kuma ji haushinsa, ta ji haushin kanta fiye da na kowa. Ta tuna matar nan da aka nuna a talabijin, wadda 'ya'yanta biyu suka mutu a jirgin, tana cewa ita ba ta son komai, so take kawai a gaya mata abin da ya faru. Ta tuna Raki da ke kwana da jaridar nan a ƙarƙashin filo. Ta dubi Fulera, wadda yanzu ta san gaskiya amma mijinta ya ɗaure mata baki, tana tsaye tana tattara jakarta za ta koma ta jira gobe.

Dokta ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce tunda Iddi da kansa ya zaɓa, ai magana ta ƙare. Ya miƙo hannu.

"Ba ni hular."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta cikin gilashi ana ganin inuwar Monica da lemarta. Dokta ya ƙara matsowa, hannunsa a miƙe, ya rage murya.

"Murja. Ba ni, ki shiga ciki. Zan ce ba ki da lafiya."

Ba ta taɓa yi masa musu ba tun da aka kawo ta gidan ƙanensa. Ta raɓa ta gefensa ta buɗe ƙofar.

Monica ta yi murmushinta na kullum, ta fara ba da haƙurin makara, wai bas ne ya tsaya a Stockport Road. Sai idonta ya sauka a hannun Murja. Murmushin ya tafi.

Duk Turancin da Murja ta tanada ya gudu ya bar ta. Da Hausa maganar ta fito.

"Irin wannan ce a jirgin. Ni na ba mijina, shi ya rufe ƙararrawar. Ba Iddi ba ne."

Monica ta juya wajen Dokta kamar yadda ta saba.

"What did she say, Doctor?"

Dokta ya gyara tsayuwa. Bai dubi kowa ba.

"She says you're welcome. She's not well today."

Monica ta gyaɗa kai, amma ba ta ɗauke ido daga hular ba. A bayan Murja, Fulera ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta ji Turancin sarai, ta ji Hausar sarai, ta san ba abin da Murja ta faɗa Dokta ya fassara ba, kuma ba za ta ce uffan ba.

Murja ta kama hannun Monica, ta buɗe tafin, ta ɗora mata hular a ciki ta danne da nata hannun.

"No," ta ce. "He is lying."

Dokta ya kira sunanta. Ba ta juya ba.

"My husband put it. Not Iddi. My husband."